Ƙusa a Gadon Jariri

Kwana uku na yi ina kuka bayan an kori Kafinta daga gidan Yaya. A rana ta huɗu hawayen suka ƙafe, wani abu mai zafi ya zauna min a ƙirji ya ƙi tashi.

Ni ce auta a gidanmu, kowa ya san ni da saurin kuka da saurin hucewa. Wannan karon ban huce ba, kuma ban yi niyyar hucewa ba.

Shekara biyu muna tare da Kafinta. Shagonsa yana bakin hanyar da nake bi zuwa wurin ɗinkinmu, tun ina gaishe shi daga nesa har na koma zama a kan bencinsa. Mama kuwa tun ranar da ta ji labarinsa ta yi tsalle ta dire, ta ce ba za ta ɗauki 'yarta ta ba mutumin da kullum kansa fari fat da garin katako ba.

Ita Manaja take so. Ɗan ƙawarta ne, shi ke kula da wani babban kanti da ake sayar da firji da fanka da kayan ɗaki. Mutum ne da turarensa ke riga shi shiga ɗaki, kuma bai taɓa fara magana ba tare da ya gyara agogon hannunsa ba. Ban taɓa sonsa ba, shi ma ya sani, amma ya shafa wa idonsa toka ya ci gaba da zuwa.

Baba tsohon makanike ne, bai cika magana ba. Da cikin Yaya ya kai wata bakwai, mijinta kuma aiki ya kai shi nesa, sai gyaran ɗakin jariri ya faɗo kaina da Mama. A nan Baba ya yanke hukunci. Ya ce a ba Kafinta aikin gadon. In aikinsa ya fito da tsabta, ya turo manyansa a yi magana. In bai fito ba, in cire shi daga raina, kada in sake ambaton sunansa.

Mama ta amince ba tare da gardama ba. Da ina da wayo, da tun a nan na sha jinin jikina.

Sati uku Kafinta ya yi a kan gadon nan, ni kuma kusan kullum ina gefensa. Shi ba ya buga ƙusa a kayan jarirai. Huda katakon yake yi, ya fiƙe wasu 'yan tsinkayen katako masu kaurin ƙaramin yatsa, ya tsoma su a gam, ya cusa su a ramin har su zauna daram. Ni nake miƙa masa su ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin sandunan gadon kuwa da yatsuna uku yake aunawa, wai don kada kan jariri ya shige. In ya gama gogewa da samfefa sai ya kama bayan hannuna ya shafa a kan katakon, ya ce in dai ban ji ƙaiƙayi ba, jariri ma ba zai ji ba.

Na taɓa tsokanarsa, na ce ko rowar ƙusa yake yi.

"Ba na sa ƙarfe a inda jariri zai kwanta," ya ce, bai ko ɗago ba.

Ɗakin kuma ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Mun yi masa fenti ruwan ɗorawa mai haske, tunda ba mu san me za a haifa ba. Na ɗinka labule mai zanen 'yan agwagi, na jera riguna da safa a durowa, na shimfiɗa kafet mai laushi. Manaja ya ɗauki nauyin fanka da agogon bango, ya dage shi zai rataye agogon da kansa, don a san shi ma ya iya aikin hannu.

Ranar da aka kawo gadon, da safe Kafinta ya haɗa shi ya koma shago, aka ce ya dawo da yamma Baba ya duba aikin a gabansa. Ni na raka Yaya asibiti awo, muka bar Mama a gidan tana jiran Manaja da agogonsa.

Da yamma muka taru, har da Kafinta da Manaja. Baba ya zagaya gadon, ya girgiza shi, ya shafa kusurwoyin, na ga fuskarsa ta fara saki. Yaya ta ɗauko farin zanen gado ta shimfiɗa tana dariya, ta danna katifar da tafin hannunta don ta ji laushinta.

Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena.

Ƙusa ce ta huda siririyar katifar daga ƙasa, tsininta a sama, daidai inda bayan jariri zai sauka. Jini ya ɓata farin zanen.

Mama ta wanke Kafinta tas. Babu sunan da ba ta kira shi da shi ba, har da mai neman ran jikanta. Ya buɗe baki ya ce, "Baba, wannan ba aikina ba ne," amma muryar Mama ta danne tasa, Baba kuma hankalinsa yana kan hannun Yaya da yake ɗaurewa da hankici. Ni kuwa jinin nan ya ɗauke min tunani. Na matsa kusa da shi, na tambaye shi a hankali ko mantuwa ya yi.

Ya dube ni, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Tun daga ranar bai ɗaga wayata ba.

A rana ta huɗun nan na koma gidan Yaya in ɗaura gidan sauro. An ture gadon gefe ana jiran a fitar da shi, don Manaja ya yi alkawarin kawo na ƙarfe daga kantinsu. Na tsaya ina kallonsa, sai kawai na cire katifar, na kifa katakon ƙasan.

Ƙusar tana nan, ba wanda ya cire ta. Baƙa ce, mai kauri, irin wadda ake bugawa a bangon siminti. Kaurinta ya tsaga katakon, kuma a karkace ta shiga. A gefenta ga tabon guduma har huɗu, inda mai bugun ya yi ta kuskure yana dukan katako.

Na ɗaga kai na kalli agogon bango. Na sauke shi. Ga baƙar ƙusa irinta, a karkace, ga fentin da muka yi da hannunmu ya ɓaɓɓare a wuri uku. Na ja durowar ƙasa, ga ragowar ƙusoshin a cikin takardarsu. Sai na tuna filastar da na gani a babban yatsan Manaja ranar da abin ya faru.

Ban yi kuka ba. Dariya ce ma ta zo min, irin wadda ba ta da daɗin ji.

Na kira Yaya na nuna mata. Ta dafe cikinta ta zauna a bakin kujera, ta ce in kira Baba yanzu yanzu.

"A'a, Yaya," na ce. "A gaban kowa aka ci mutuncinsa. A gaban kowa zan rama."

Ta ce in ji tsoron Allah, ramuwa ba ta da kyau ga 'ya mace, in bar manya su yi hukunci. Na kama hannunta mai bandeji na ɗaga shi tsakaninmu, na tambaye ta da ba ita ta danna katifar ba, wa zai fara kwanciya a kai. Ta janye hannunta. Daga baya ta ce in yi abin da na ga dama, ba za ta faɗa wa kowa ba.

Sati guda na yi ina yi wa Manaja murmushi. Allah ya sani, kowane murmushi sai na ji kamar ina haɗiyar ƙaya. In ya zo na kawo masa ruwa mai sanyi da kaina, na tambaye shi lafiyar kanti, na yaba agogonsa. Har yatsan na tambaye shi, ya ce ƙofar mota ce ta datse shi. Na ce Allah ya sawwaƙe, a zuciyata kuma na ce saura ma.

Mama bakinta har kunne. Ta riƙa shafa kaina tana cewa daman ta san 'yarta mai hankali ce, wata rana zan gode mata. Ni kuma ina jin tausayinta, ina cewa an yaudari baiwar Allah. Haka na ɗauka a lokacin.

Ranar da Manaja zai kawo gadon ƙarfen, na roƙi Baba ya zo ya ga ɗakin an gama. Na goge ko'ina, na ɗaure labulen, na sa hoton Yaya da mijinta a cikin firam na ajiye a kan durowa. Gadon Kafinta na bar shi a kusurwa, na rufe shi da tsohon zane.

Suka shigo, Baba da Mama da Yaya, Manaja a gaba yana bayanin gadonsa, wai daga waje aka kawo shi, ba irin na bakin titi ba ne.

Na sassauta murya na ce saura abu ɗaya, hoton nan ne ba a rataye ba, kuma ni ban iya guduma ba. Na ce tunda shi ya rataye mana agogo da kyau, ya taimaka.

Ya naɗe hannun riga yana murmushi. Bai tambayi inda ƙusa take ba, kai tsaye ya ja durowar ƙasa ya ɗauko takardar. Ya kafa ƙusar a bango, ya ɗaga guduma. Bugun farko ya sauka a kan fenti. Na biyu ma haka. A na uku ƙusar ta shiga a karkace.

Baba, wanda ya yi shekara arba'in da guduma a hannu, ya ɗan juyar da kai kamar mai jin kunya a madadinsa.

Sai na yaye zanen, na kifa katakon ƙasan gadon a tsakiyar kafet.

"Baba, don Allah ka dubi wannan, sannan ka dubi bango."

Baba ya sa tabarau ya durƙusa. Ya daɗe yana shafa tabon gudumar da yatsa. Ya tashi ya je bango, ya kalli na can. Ya karɓi ƙusa ɗaya daga hannun Manaja ya kanga ta da wadda ke cikin katakon. Daga nan ya bi gadon gaɓa gaɓa yana neman wata ƙusar, bai samu ko ɗaya ba, sai kawunan tsinkayen katako a jere, a shafe sumul.

"Wanda ya yi gadon nan," Baba ya ce a hankali, "ba shi ya buga wannan ba."

Manaja ya fara inda inda. Ya ce ƙusa ai ƙusa ce, a kowane shago ana sayar da irinta. Na ce gaskiya ne, amma ba kowane shago ke sayar da hannun da ke kuskure sau huɗu ba. Na ce ya cire filastar ya nuna wa Baba yadda ƙofar mota take datse yatsa. Na faɗa masa duk abin da na tara a cikina na tsawon kwana goma sha ɗaya, na kira shi matsoraci, wanda ya rasa yadda zai kayar da namiji sai ya bi ta kan jaririn da ba a haifa ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, turaren nan ya koma wani abu dabam. Na ji daɗin ganinsa haka, kuma ba zan ɓoye ba.

Baba ya nuna masa ƙofa. Ya ce ya ɗauki gadonsa ya tafi da shi, kuma kada ƙafarsa ta sake taka gidan 'ya'yansa.

Manaja ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo. Fuskarsa ta canja, ta zama ta mutumin da ya ga ba shi da sauran abin asara.

"To, Baba, tunda ni kaɗai za a kora, ka tambayi wadda ta riƙe min katifar."

Ba wanda ya ambaci suna, amma dukkanmu muka juya wuri ɗaya.

Mama ta zame ta zauna a ƙasa.

Kuka take tana magana, maganar tana yankewa. Ta ce wallahi ba ta yi nufin kowa ya ji ciwo ba. Shirin shi ne ita za ta ɗaga katifar a gaban Baba ta gano ƙusar da kanta, sai Yaya ta riga ta. Ta ce tun ranar ba ta iya cin abinci, duk ta kalli hannun Yaya sai ta ji kamar ta mutu.

"Auta, don ke na yi," ta ce, tana miƙo min hannu. "Na auri mai aikin hannu, na san abin da na gani. Na san wankin kaya masu baƙin mai, na san ranar da ciwo zai kwantar da shi gida ya tsaya cak. Ba na so ki yi rayuwata."

Baba ya cire tabaransa ya sa a aljihu. Na ga maganar ta shige shi fiye da yadda ƙusar ta shigi Yaya.

Yaya tana hawaye ta ce, "Mama, jikanki ne fa zai kwanta a nan."

Ni ban karɓi hannun da ta miƙo ba. Zuciyata ta riga ta bushe. Na tuna yadda ta tsaya a wannan ɗakin ta kira shi mai neman ran jikanta, alhali ta san hannun da ya riƙe katifar. Na ce mata na ji, kuma zan yafe, amma da sharaɗi. Da bakinta ta kore shi, da ƙafarta za ta je shagonsa ta kira shi.

Yaya ta ce haba Auta, uwa ce fa. Na ce na sani, shi ma ai uwa ce ta haife shi. Muka dubi Baba. Ya daɗe yana kallon gadon, sannan ya ce Mama ta tashi ta ɗauki mayafinta.

Muka tafi, ina gaba tana baya. Ban tare mana mota ba, ko da yake akwai 'yar tafiya, don ina so kowane taku ya zauna mata. Muka wuce mai faci, muka wuce mai gyaran waya, duk waɗanda suka ji labarin kafintan da ya bar ƙusa a gadon jariri. Ina tafe ina shirya yadda fuskarsa za ta yi in ya gan mu, yadda zai san cewa ni ce na tsaya masa.

Yana tsaye a bakin shago yana goge ƙafar wata kujera. Ya rame. Da ya ga Mama sai ya ajiye samfefa, ya kakkaɓe benci da rigarsa, ya durƙusa ya gaishe ta kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

Mama ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ta roƙe shi gafara tana share ido da gefen mayafi. Ya ce don Allah ta daina, ita uwa ce, ya yafe tun kafin ta zo. Ya ce gobe zai aiko da sabon katakon ƙasa, don wancan ya tsage, bai kamata jariri ya kwanta a kai ba.

Na jira ya juyo gare ni. Da bai juyo ba sai na matsa, na faɗa masa yadda na gano ƙusar, yadda na yi sati ina haɗa wa Manaja tarko, yadda Baba ya kore shi kamar kare. Na ce Baba yana jiran manyansa duk ranar da suka shirya. Ina magana ina murmushi, ina jiran nasa.

Ya saurare ni har na gama.

"Na gode, Auta," ya ce. "Amma ni ba ƙusar ce ta yi min ciwo ba."

Na ce to me.

"Manaja bai san aikina ba. Mama ba ta taɓa shigowa shagon nan ba sai yau. Ke kuwa a kan bencin nan kika yi sati uku kina miƙo min tsinkayen gadon, da yatsunki na auna shi. Duk wanda ke ɗakin nan zai iya zargina, ban da ke. Kuma ke ce kika tambaye ni ko mantuwa na yi."

Na ce na ruɗe ne, na ga jini. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, shi ma ya ga jinin. Ya ce kwana huɗu na ɗauka kafin in yarda da shi, kuma sai da katako ya ba ni shaida.

Hawayen da na yi zaton sun ƙafe suka dawo gaba ɗaya. Na ce ya faɗa min abin da zan yi, ko me ne ne. Na sa an kori Manaja, na taso mahaifiyata a ƙafa har nan, me kuma ya rage?

"Ki mayar da Mama gida," ya ce. "Ki tare mata mota, rana ta yi zafi."

Na tambaye shi maganar manyansa. Ya ɗauki samfefarsa, ya juya ƙafar kujerar, ya ce bai san abin da zai faɗa musu ba tukuna.

Na tsaya a cikin garin katako ina kallon bayansa. Kwana goma sha ɗaya na yi ina lissafa waɗanda suka zalunce shi, ina shirya wa kowa rabonsa, ban taɓa sa kaina a ciki ba.

Mama ce ta taso daga kan bencin ta kama hannuna, wannan hannun da na hana ta ɗazu. Ban ƙwace ba.